Baƙin da suka sauka garuruwanmu: yadda asusun mata zai nema musu aiki da horo



A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙidaya mutum sama da 11,500 da suka tsallako daga jihar Sakkwato zuwa kwamin ɗin Bangi, cikin gundumar Madawa. Sun sauka ƙauyuka 26, inda suka tarar da wasu 3,500 da suka riga su zuwa tun watan Satumba. Mafi yawansu mata ne da yara. Abin da ya koro su kowa ya sani: ƴan bindiga masu kisa da satar mutane da kore dabbobi a yankin Sabon Birni da Isa da kewaye.

Tun daga lokacin wasu sun koma, wasu sun sake dawowa, wasu kuwa sun zauna ke nan. Akwai waɗanda suka bi dangi ko suka bi aiki har cikin garin Madawa da Sabon Gida, muna kuma ganin ɗaiɗaikunsu a kasuwannin Buza da Keita. Buhun taimako yana zuwa yau, gobe shiru. Abin da ke gaban waɗannan mata yanzu shi ne na dora tukunya kullum, kuma wannan sai da sana'a. A nan ne mu matan asusu muke da abin yi, don babu wanda ya fi mu sanin inda aikin mace yake a garuruwanmu.

Ba baƙin nesa ba ne

Madawa ƙasar Gobir Tudu ce, Sabon Birni kuma garin Gobirawa ne. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Da wuya ki sami gida a Bangi da ba shi da suruki ko kawu a wancan gefen iyaka. Kada kuma mu manta da namu zuwan. A yunwar 1984 da ta 2005, iyayenmu da mazanmu kudu suka nufa, Illela da Sakkwato har Kano, aka ba su masauki, suka yi dako da ga-ruwa, mata suka yi daka da wanki, suka tsira da rai. Yau juyi ne ya zo kanmu. Hausawa sun ce baƙonka annabinka.

Amma karɓar baƙo kwana uku daban, zama da shi shekara uku daban. Rumbun mai masauki ba ya ƙaruwa don baƙi sun sauka. In ba a samar wa baƙuwa hanyar nema ba, tun ana zumunci sai a koma gunaguni a bakin rijiya. Mun ji irin wannan gunagunin, kuma ba mu zargin masu yin sa, don su ma yunwa suke tsoro.

Abin da ke tare musu hanya

Da muka zauna da matan da suka sauka unguwarmu, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne kusan kowace tana da sana'arta tun daga gida. Wannan mai ƙuli-ƙuli ce, waccan mai awara, ga mai kitso, ga mai dadawa, ga wadda ta bar keken ɗinkinta cikin ɗaki ta gudo da zanen jikinta. Hannu ya iya. Abin da suka rasa abu huɗu ne.

Na farko jari da kayan aiki. Mai tuya ba kasko, mai ɗinki ba keke, mai kiwo an kore awakinta.

Na biyu sani. A garinta, mai gyaɗa yana ba ta tiya biyar bashi don ya san ubanta da mijinta. Nan kuwa ba wanda zai tsaya mata. Sana'ar mace rabinta amana ce, amana kuma ba a zuwa da ita cikin ƙunshin kaya.

Na uku lissafin kuɗi. Matan bakin iyaka sun saba da naira da sefa duka, amma wadda ta fito daga ƙauyen da ke can ciki ba ta san ƙidayarmu ta dala ba. Mu in mun ce dala ashirin, sefa 100 muke nufi. In mun ce ɗari, sefa 500 ke nan. Jika kuwa 1,000. Baƙuwa ta ji an ce ɗari, ta ɗauka irin ɗarin naira ce, kafin ta gane an cuce ta a canji. Ga kuma naira da ta yi ta faɗuwa tun 2023, har ɗan abin da wasu suka ƙulle a bakin zane ya narke suna kallo.

Na huɗu yara. Da yawa mazansu sun rasu, ko suna hannun masu garkuwa, ko sun wuce cin rani ba labari. Mace ɗaya da goyo da ƙanana uku, wa za ta bar wa su ta tafi garka tun asuba?

Game da takardu, ku kwantar musu da hankali. Nijar tana da dokar ƴan gudun hijira tun 1997, kuma ba a hana ƴar gudun hijira yin sana'a ko kasa kayanta a kasuwa ba. Sai dai wadda ba ta yi rajista ba a raka ta wurin masu rajista ta karɓi takardar shaidarta, don da ita ake shiga jerin masu horo da masu aikin gyaran ƙasa. Jaririn da aka haifa nan kuma a yi masa takardar haihuwa da wuri, kada a bari lokaci ya wuce sai an je gaban alƙali.

Ina aikin yake?

A ƙasarmu ba a manna sanarwar neman ma'aikata a bango. Aiki daga baki yake zuwa baki: wajen suna, bakin famfo, wurin niƙa. Wadda ba ta cikin wannan zancen ba za ta ji ba sai an gama ɗauka. Shi ya sa abu mafi sauƙi da ƙungiya za ta yi shi ne ta ware ɗan lokaci a kowane zaman mako, bayan zubi, shugaba ta tambaya: wa ta ji ana neman hannu? Magatakarda ta rubuta, a aika wa wadda ta dace.

Mu kuma mun san yadda shekarar aiki take juyawa, baƙuwa ba ta sani ba. A gaya mata tun da wuri don ta shirya.

Da kaka akwai roron wake, cirar gyaɗa da ɓarzarta, sussuka da sheƙa a gidajen masu hali. Da sanyi ya shigo sai garake su buɗe a fadamun Magiya da Tarka, daga Sabon Gida da Galma har Karofan da Tama, da kuma wajen Tamaske da Ibohaman. Dashen albasa yana cin hannu da yawa cikin ƴan kwanaki, kuma mai garka ba ya son irinsa ya kwana a tuge. Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara sai cirar albasa, yanke lawashi, tsince ruɓaɓɓa, ɗura buhu da jerawa cikin rudu. Lawashin da ake yankewa ma kuɗi ne ga wadda ta iya yin gabu, tumatirin da ya yi arha kuma a yanka a shanya kauɗa a ajiye sai ya yi daraja. Da rani akwai aikin gyaran ƙasa, rabin wata da jeren duwatsu, inda ake biya da kuɗi ko abinci. Wannan aiki matan Keita suka fi kowa saninsa: tun da aka buɗe furojen Keita a 1984 tare da taimakon Italiya da FAO, mata ne suka fi yawa a kan duwatsun Adar, lokacin da maza suka tafi cin rani. Saƙar tabarmar kaba kuwa, wadda aka san Madawa da ita har wajen ƙasa, ba ta da lokaci, ana yin ta a zaune ana jiran tukunya.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar farko kada a ce wa baƙuwa je ki wurin wane. Ɗaya daga cikinmu ta yafa mayafi ta raka ta, ta ce wa mai garka ko uwar gida: Alhaji, ga ƴar uwarmu, ƙungiyarmu ta san ta. Wannan kalma ɗaya ita ce takardar shaidar da ta fi aiki a ƙauye.

Maganar lada

Nan ne wurin da zumunci ke iya ɓaci, don haka mu faɗe ta a fili. Wadda yunwa ta matsa za ta karɓi rabin ladan yini ta yi godiya. Mai garka ya ga haka, gobe sai ya ce wa ƴar gari ita ma rabi zai ba ta, in ba ta so ga masu so. Ƴar gari ta dawo gida tana cewa baƙi sun karya mana farashi. Ku duba da kyau, wa ya ci riba? Ba baƙuwa ba, ba ƴar gari ba.

A garinmu mun taɓa ganin an yi wa wasu mata haka: kwana huɗu suna dashe, ranar biya aka ce ai su taimako ake ba su, aka sallame su da ɗan abin da bai kai ladan kwana biyu ba. Sai da shugabanninmu suka je gaban mai gari aka cika musu. Tun daga nan muka tsayar da magana ɗaya: aiki ɗaya, lada ɗaya, kuma a yanke lada gaban shaida kafin a sunkuya. Muna roƙon ƙungiyoyin gari ɗaya su haɗa baki a kan wannan kafin lokacin dashe. In ƙungiya ɗaya ta tsaya saura suka yi shiru, maganar ba ta zama.

Horo: a tambayi kasuwa tukuna

Kowace cikinmu ta san labarin sabulu. An zo an tara mata, kwana uku ana koyon sabulun ruwa, an raba takardar shaida, an ɗauki hoto. Bayan wata guda kowane gida na da jarka cike, ba mai saye, kayan haɗin ma sai an aika birni. Ba koyon ne laifi ba. Ba a tambayi kasuwa ba ne kafin a fara.

Kafin ƙungiya ta tura baƙuwa koyon wata sana'a, a amsa tambaya uku. Wa zai saya, kuma sau nawa a mako? Kayan aikin ana samun su a kasuwar kusa? Mata nawa ne suke yin ta a garin yanzu? In masu ƙosai biyar ne a bakin tasha, ta shida yunwa za ta raba da su. Mace biyu su zaga kasuwar mako su duba abin da ake kawowa daga nesa alhali muna iya yin sa nan. Can ne ƙofa take.

Horo iri uku muke da shi a hannu.

Na cikin gida shi ya fi sauri kuma ba ya cin ko dala. Gwanar tabarma ta zaunar da baƙuwa kusa da ita, ta nuna mata rinin kaba da yadda ake ɗinke baki, har ranar kasuwa ta tafi da ita ta ga yadda ake ciniki da dillalai. Kuma koyon nan ba gefe ɗaya yake bi ba. Cikin baƙinmu akwai waɗanda suka fi mu iya awara da alkaki da dubulan, da ɗinkin zamani da kitson biki. Ranar da ƴar gari ta zauna gaban baƙuwa tana koyo, ranar ce ake daina ce mata ƴar gudun hijira a koma kiran ta da sunan ɗanta na fari.

Na biyu ajin yaƙi da jahilci. Mu da muka shiga ajin muna manya mun san abin da ya canza mana: ba mai sake rubuta mana bashi a littafin da ba mu iya karantawa. A buɗe wa baƙi ajin, a fara da lissafin dala da jika, da karanta lambobin waya, da rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo. Ku kuma bincika, wata cikinsu ta yi makarantar boko ko islamiyya mai zurfi a can gida. Irin wannan tana iya riƙe littafin ƙungiya, ko ta taya malama koyarwa.

Na uku na hukuma. A kwaminoni da dama akwai cibiyar koyon sana'a da ake kira CFM, inda ƴan mata ke koyon ɗinki da saƙa da tattalin gida. Akwai kuma asusun gwamnati mai suna FAFPA da ke ɗaukar nauyin gajeren horo da koyon sana'a wurin gwanaye. Irin waɗannan wurare ba sa bin mace ɗaya har ɗaki. Amma in shugabannin ƙungiyoyi suka je hukumar kwamin da takarda mai sunaye da shekaru da sana'ar da kowace ke so, ana sauraren su. A sa baƙi da ƴan gari cikin jeri ɗaya. Kada a manta da tambayar ko za a ba da kayan aiki bayan horo, don ɗinki ba keke zaman banza ne da takarda a hannu.

Maganar yara kuma ƙungiya ce za ta warware ta. Tsohuwa ɗaya ko biyu da ƙarfinsu bai kai garka ba su riƙe ƙanana a inuwa ɗaya, uwaye su haɗa musu ɗan abin goro da kunun yara. Tsohuwa ta samu, uwa ta samu, babbar ɗiya kuma ba a cire ta daga makaranta don reno ba.

Shigar baƙuwa asusu

Tun da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, tsarin bai dogara da kuɗin kowa ba sai namu: zubin mako, bashi mai ɗan riba, rabo in lokaci ya cika. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta, amma tushensa nan ne. Ƙarfinsa kuwa sanin juna. Shi ya sa in wata ta tashi a zama ta ce, in mun ba ta bashi ta koma garinsu da dare fa, wa zai biya, ba mugunta ta faɗa ba. Kuɗin akwati guminmu ne, kuma tambayar tana kan hanya.

Ga yadda muke ganin za a kiyaye akwati ba tare da an rufe ƙofa ba. Baƙuwa ta fara da zubi, ko da mafi ƙanƙanta ne, ta yi wata biyu ko uku tana halartar zama kafin ta nemi bashi. Bashin farko ya zama ƙarami, na mako huɗu, kuma wata ƴar ƙungiya da ta san ta ta tsaya mata. In ta biya, na biyu ya ɗan ƙaru. In tafiya ta kama ta, ta faɗa a zama, a lissafa abin da ta zuba a cire abin da ake bin ta a ba ta saura, a rabu da alheri. Wadda ta san za a ba ta haƙƙinta ba ta da dalilin gudu da dare.

Wadda ba ta da ko na zubin farko, akwai akwatin taimako. Misali, mata 25 in kowace ta ƙara dala biyar a mako, sefa 625 ke nan, cikin mako takwas ya zama jika biyar. Wannan ya isa a sa hannun mace ɗaya cikin ƙaramar sana'a. Wani lokaci ma aron kaya ya fi kuɗi: kaskon da ke kife a ɗaki, turmi, keken ɗinkin da mai shi ta daina amfani da shi. Ga kuma habbanaye da muka koya wurin Fulani: a ba ta akuya ta riƙe, in ta haihu ta yaye, ƴaƴan nata, uwar ta wuce wurin wata.

Inda baƙi suke da yawa, kamar ƙauyukan Bangi, suna iya kafa tasu ƙungiya, tsohuwar ƙungiya ta zame musu uwa har su iya riƙe littafi da makullai. Amma inda suke ƙalilan, gara a gauraya. A jihar Maradi, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, an zaunar da ƴan gudun hijira kusa da ƴan gari, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya, likita ɗaya, don zaman ware ba ya haifar da sabo.

Hattara da masu daɗin baki

Duk inda mata suka shiga matsi, masu alkawari suna biyo baya. Wata za ta zo da atamfa mai tsada ta ce a ba ta yarinya ta kai ta aikin gida birni, kuɗi duk wata. Wani ya ce akwai mota zuwa Agadas, daga can Aljeriya, bara kawai za a yi a dawo da arziki. Mu tuna da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Duk aikin da aka ce kada ki gaya wa kowa, ko aka ce ba a san gidan da yarinya za ta sauka ba, a kawo maganar zaman ƙungiya, a sanar da mai gari. Haka kuma mu sa ido kan aurar da ƙananan ɗiya don rage bakin ci. Uwar da ke da abin nema ba ta saurin miƙa ɗiyarta.

Kafin zama mai zuwa

Muna roƙon kowace shugaba, daga Urno da Azarori har Dewule da Garhanga, ta sa wannan magana cikin zaman makon nan. A zaɓi mace biyu su zaga unguwa su gano baƙin da ke cikinta, su tambayi kowace sana'ar da ta iya da abin da ya hana ta farawa. Magatakarda ta buɗe shafi ɗaya a bayan littafi don masu neman aiki da masu neman hannu. A yanke shawarar yadda baƙuwa za ta shiga zubi, a rubuta cikin dokokin ƙungiya don kada a yi ta jayayya kowane mako. Sannan shugabannin gari ɗaya su haɗu su tsayar da maganar lada kafin a fara dashen albasa.

Ƙungiyar da ta gwada wani abu ya yi kyau, ko ya ƙi, ta aiko mana da labari ta hannun mai wayar da kai ta yankinku, mu buga a fitowa ta gaba don saura su ƙaru. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasashenmu biyu, ya mai da kowa ɗakinta cikin aminci, ya sa albarka a akwatunanmu. Amin.